Loko: tashar Binuwai da dogo ya kwashe wa kasuwa, gada ta kwashe wa fito

Tashar jirgin ƙasa ta Lafiya ta daɗe da yin shiru. Dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi yana nan kwance, amma shekaru sun shuɗe rabon mutanen gari da jin kukan jirgi a kan kari, kuma doya da riɗin da a da ake lodawa a taragu yanzu manyan motoci ne ke kwashe su. Mai wucewa zai iya tausaya wa wannan tasha. Sai dai ita ma ta taɓa yi wa wata tashar irin abin da aka yi mata. Kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da Lafiya, a gaɓar arewa ta Kogin Binuwai, akwai garin Loko, wanda kafin zuwan dogo ta nan ne kayan wannan yanki ke fita zuwa teku, ta nan ne kuma baƙin da suka fito daga teku ke shiga ƙasar Hausa.

Alaƙar garuruwan biyu ba ta yau ba ce. A zamanin Sarkin Lafiya Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, kuma a lokacinsa ne aka buɗe hanyar fatauci daga Lafiya zuwa Loko. Dalilin a fili yake. Lafiya tana da kasuwa, amma ba ta da kogin da jirgin tururi zai shiga. Loko kuwa tana zaune a bakin ruwan da ke haɗuwa da Kwara a Lokoja ya gangara teku. Ta fuskar mulki Loko ba ta bin Lafiya. Tana cikin ƙasar Nasarawa, masarautar da Umaru Makama Dogo ya kafa wajen 1838 bayan ya baro Keffi, wadda ke bin Zazzau, alhali Lafiyar Barebari Bauchi take bi. Amma fatake ba su cika damuwa da wa ke bin wa ba, muddin hanya na ɓullewa inda akwai riba.

Wanda ya tashi daga Lafiya a yau, in babbar hanya zai bi, zagaye zai yi: ya haura Akwanga, ya karkata yamma zuwa Keffi, sannan ya gangara kudu ta garin Nasarawa. Ma'aikacin da ke Abuja ya fi shi samun sauƙi. In ya tsallake cunkoson Nyanya da Mararraba ya kai Keffi, daga nan Nasarawa ce, daga Nasarawa kuma sai ya miƙe kudu tafiyar kilomita saba'in da 'yan kai, ta tsakiyar gonakin doya da rogo da riɗi, har ƙasa ta soma gangarewa, iska ta sauya. Ta wannan lissafi tsohuwar tashar ta fi kusa da babban birnin tarayya fiye da babban birnin jiharta, abin da shi kaɗai ya isa ya nuna yadda hanyar da Agwai ya buɗe ta koma.

Kogin da baƙo zai tarar ya danganta da watan da ya je. Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa a ƙasar Kamaru, ya yi tafiyar kilomita kusan 1,400 kafin ya isa Lokoja, kuma kogi ne mai fuska biyu. Daga tsakiyar damina yakan soma cika, ya kai maƙura a watannin Satumba da Oktoba, ya zama ja-ja-wur, mai faɗin da sai an ƙura ido ake rarrabe mutum a ɗaya gaɓar. Da kaka ta wuce sai ya soma janyewa. Kafin bazara ya rarrabu gida-gida, farin yashi ya bayyana, gungaye su fito a tsakiyar ruwa kamar an shimfiɗa su. A kan waɗannan gungaye masunta ke kafa bukkokin zana da ciyawa su yi rani, suna su, suna banda kifi, suna sane da cewa ruwa zai dawo ya karɓi wurinsa.

Loko da gungu sun daɗe tare. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs, wanda ya ƙetaro Sahara ya bi ta Kukawa da Bauchi da Keffi, ya iso Binuwai a nan a 1867, kuma Lokon da ya bayyana tsibiri ce a cikin kogi, mutanen Bassa na zaune a kanta. A zamanin da mahara ke yawo bisa dawakai, ruwa ya fi ganuwa amfani, domin doki ba ya hawa kwalekwale cikin sauƙi. Daga wannan tsibiri Rohlfs ya shiga jirgi ya gangara Lokoja. Garin da ya yi suna daga baya a kan gaɓa ya girma, inda ayari zai iya sauke kaya, inda kuma jirgin tururi zai iya matsowa.

Turawa sun riga sun gane cewa kogin zai ɗauki jirginsu tun 1854, lokacin da William Baikie ya haura Binuwai a cikin wani ƙaramin jirgin tururi mai suna Pleiad, ya koma teku ba tare da rasa ko mutum ɗaya ba saboda kwinin da ya sa mutanensa sha. Bayan shekaru kamar ashirin da biyar sai kamfanonin Ingila da na Faransa suka soma rige-rigen kafa kantuna a gaɓar kogin, kuma Loko tana cikin wuraren da suka fi so, domin hauren giwa na zuwa can da yawa a hannun fataken Hausa. Suna sauke tufafi da gishiri da duwatsun ado da kayan ƙarfe, suna loda haure da sauran amfanin ƙasa. George Goldie ya saye Faransawan a 1884, ya sami takardar izinin sarautar Ingila a 1886 da sunan kamfanin Royal Niger, wanda ya riƙe kogin da ƙarfin bindiga da haraji har ƙarshen 1899.

Jerin waɗanda suka sauka a wannan gaɓa suka kama hanyar arewa abin a tsaya a duba ne. Eduard Flegel, shi ma Bajamushe, ya yi zango a Loko kafin ya nufi Yola a 1882, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba: jagoransa wani Bahaushe ne, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda daga baya ya raka shi har birnin Balin a 1884. A 1885 Paul Staudinger da Ernst Hartert suka tashi daga Loko ɗauke da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu, suka bi ta Keffi da Zariya da Kano. A 1894 Charles Robinson, wanda daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa ya kuma koyar da harshen a Jami'ar Kambirij, ta Loko ya bi ya isa Kano a ƙarshen shekarar. Su ma 'yan mishan ɗin da Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, bayan sun ɗan zauna a Girku, Loko suka koma. Wato duk wanda ke son ganin Kano daga teku a wancan zamani, in bai bi ta ƙasar Nufe ba, to ƙafarsa sai ta taka yashin Loko.

Ganiyar tashar ta ƙarshe kuza ce ta kawo ta. Da kamfanin Neja ya soma haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900, babu dogo babu mota, sai kan mutum. 'Yan alaro suka riƙa ɗauko kuzar daga wajen Naraguta su bi ta Keffi su sauke a Loko, tafiyar mil kusan ɗari biyu, sannan su juya da injuna da kayan aikin da jirgi ya kawo, an kwankwance su gunduwa-gunduwa yadda wuya zai iya ɗauka. Ba a cika ambaton waɗannan mutane ba in ana tarihin ma'adinai a Nijeriya, alhali kuwa a kan wuyansu masana'antar ta tashi.

Duk wannan tarihin baƙi ne, kuma shi ya sa aka rubuta shi. Akwai wani tarihin da ya girme shi, wanda kusan duk a ka yake, wato na mutanen da suka san ruwan. Gaɓar Loko mahaɗa ce ta al'ummomi: Bassa da Agatu da Afo da Igbira, Nufawa da Kakanda waɗanda suka shahara da tuƙin manyan jirage tun daga Kwara, Jukunawa masunta daga gabas, da Hausawa fatake da masunta waɗanda zama ya mai da su 'yan gari. Hausa ce harshen da ya haɗa su a bakin kwata, shi ya sa sunayen aikin suka zama na kowa: fito, mashigi, filafili, gora, taru, birgi, mamari, gura. Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi sarautu ne da aka sani a garuruwan bakin kogi na Arewa, kuma ba na ado ba ne. Mai irin wannan sarauta shi ke raba gardama tsakanin masunta, shi ke sanin wanda ya isa ya ɗauki fasinja, shi ake tasa in wani ya nutse.

Ilimin matuƙin Binuwai ya fi wuyar koyo fiye da yadda mai kallo daga tudu zai zata, saboda hanyarsa ba ta zama wuri ɗaya. Duk ambaliya tana kwashe yashi daga nan ta jibge can. Inda bara jirgi ya wuce da lodi, bana yaro zai iya tsayawa ruwa iya gwiwa. Saboda haka matuƙi yana karanta fuskar ruwa ne kamar yadda malami ke karanta allo. Ƙananan igiyoyi masu ƙyalli alamar yashi ne a kusa. Ruwa mai duhu da santsi yana da zurfi. Inda ruwa ke murɗawa a wuri ɗaya akwai kututture ko dutse a ƙasa. Yana kafa gora ya ji ko laka ce ko tsakuwa, ya dubi launin ruwa da ciyayin da ya kwaso ya gane cewa an yi ruwa a sama kwana biyu da suka wuce. Jiragen tururin kamfani, duk da taswirorinsu, sai da suka riƙa ɗaukar irin waɗannan mutane su tsaya a goshin jirgi suna nuna hanya. Ba a makaranta ake samun wannan ba. Yaro yana farawa da kwashe ruwa daga cikin jirgin ubansa da ƙwarya, ya kai ga riƙe filafili, sai ya shekara goma ko fiye kafin a bar masa jirgi cikin cikar kogi.

Haka sassaƙar jirgin. Kwalekwalen asali daga gungume ɗaya ake fafe shi, na maɗaci ko kawo ko itacen loko, wanda sunansa ya zo ɗaya da na garin. Masassaƙi yakan dubi itace tun yana tsaye ya san jirgin da ke cikinsa. Yanzu manyan itatuwa sun yi ƙaranci, an koma haɗa jirgi da katako da ƙusa, a toshe kafofi da auduga da kwalta, a ɗaura masa injin Yamaha a baya. Jirgin katako ya fi ɗaukar kaya, amma yana buƙatar gyara a kai a kai, kuma in aka yi masa sakaci ba ya ba da sanarwa kafin ya buɗe. Kifin da ke zuwa kwata kuwa har yanzu da sunayensa na da ake kiran sa: giwan ruwa, yauni, tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, tsage. Dattawan masunta a kusan duk kogunan Arewa ƙorafinsu ɗaya ne, cewa manyan sun yi wuya, tarun zamani mai ƙananan idanu yana kwashe har 'ya'yan.

Faɗuwar Loko ba dare ɗaya ta zo ba. Dogon Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, sannan aka ja ƙaramin dogo daga Zariya zuwa tsaunukan Jos, ya kai Bukuru a 1914, kuza ta daina bin kan 'yan alaro. Babban bugun shi ne dogon gabas, wanda ya iso Makurɗi a 1924, ya ratsa Lafiya, ya haɗe da Kafanchan a 1927. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, mai ɗaukar jirgin ƙasa da mota, sai ya zamana an sami wurin ƙetare Binuwai rani da damina ba tare da jiran kowa ba. Makurɗi ta zama birni. Lafiya ta zama matattarar riɗi da doya a kan dogo, abin da ya share mata fagen zama babban birnin Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Jiragen kamfani sun ci gaba da haurawa har Garwa a Kamaru a 'yan watannin cikar kogi, amma yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 da kuma yawaitar manyan motoci suka ƙarasa wannan sufuri.

Abin da ya rage wa Loko shi ne fito. Tsallaken kogin ƙasar Agatu ce, a Jihar Binuwai, kuma shekara da shekaru duk mai son zuwa Oweto daga Loko, ko manomi ne da buhunansa, ko ɗan kasuwa da babur ɗinsa, ko mai jinya, sai ya sauka kwata ya biya ɗan fito. A kan wannan ƙetarawa ake cin abinci: matuƙa, 'yan dako, makanikan inji, masu sayar da mai a galan, mata masu tuwo da kifi.

Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar gadar Loko zuwa Oweto a 2011. Aikin ya ci shekaru fiye da goma da gwamnatoci biyu kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 23 ga Mayu, 2023, kwana shida kafin ya bar mulki, rana ɗaya da gadar Neja ta biyu da ta Ikom. Tsawonta, in aka haɗa sassanta biyu, ya ɗan haura kilomita biyu. Amfaninta ba abin musu ba ne. Matafiyi daga Abuja zuwa Otukpo da Inugu ya sami gajeriyar hanya ba sai ya zagaya ta Lafiya da Makurɗi ko ta Lokoja ba, kuma mace mai naƙuda ba za ta ƙara kwana a bakin kogi tana jiran gari ya waye ba. Babu mai hankalin da zai ce a rushe gada domin 'yan fito su ci abinci.

Amma lissafin kwangila ba shi da gurbin da ake rubuta abin da ya salwanta. Fasinjan da a da dole ya tsaya, ya ci abinci, ya yi salla, ya jira jirgi, yanzu cikin 'yan mintoci yake wuce Loko ta sama, watakila ma bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Jirage ba su ƙare ba, domin akwai ƙauyukan bakin kogi da gonakin fadama da gungayen da mota ba ta zuwa, akwai kuma su da haƙar yashi. Sai dai saurayin da ya ga babur ɗin haya ya fi filafili kawo kuɗi ba zai shekara goma yana koyon karatun ruwa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ilimin da ba a rubuce yake ba, in aka tsallake tsara ɗaya, shi ke nan.

Loko ba ita ce tashar farko da zamani ya baro a baya ba. A ƙasar Girka akwai wani ɗan tsibiri mai duwatsu da ake kira Idra, wanda Ingilishi ke rubutawa Hydra, tafiyar ƙasa da sa'o'i biyu a jirgi mai sauri daga Firayus, tashar birnin Atina. Tsibirin ba shi da ƙasar noma ta kirki, ruwan sha ma ƙaranci yake yi, saboda haka mutanensa suka rungumi teku. A lokacin yaƙe-yaƙen Nafoliyon sun tara dukiya ta hanyar safarar alkama daga Baƙin Teku zuwa Faransa da Sifaniya, suna ratsa shingen sojan ruwan Ingila. Da Girkawa suka yi wa Daular Usmaniyya tawaye a 1821, Idra da maƙwabciyarta Sifetses da wani tsibirin mai suna Fasara su ne suka ba da mafi yawan jiragen yaƙi, kuma babban kwamandan ruwan, Andreas Miaoulis, mutumin Idra ne. Bayan samun 'yanci sai jirgin tururi ya zo ya kashe na filafilan iska, ciniki ya koma wasu tashoshi, mutane suka watse. Waɗanda suka rage suka koma nutson ciro soson teku.

Abin da ya ceci Idra shi ne ba ta zubar da kayanta ba. Gidajen dutsen da manyan matuƙa suka gina suna nan, an mai da ɗaya daga cikinsu, na Lazaros Kountouriotis, gidan tarihi. Takardun jiragen tsibirin da na majalisarsa an tattara su a ma'adana guda tun 1918. Makarantar horar da matuƙan jiragen kasuwanci, wadda tsibirin ke danganta asalinta da 1749, har yau tana yaye ɗalibai. Doka ta hana motoci da babura, in ban da 'yan ƙalilan na hukuma, saboda haka jakuna da alfadarai ne ke hawa da kayan baƙi daga kwata. Duk ƙarshen watan Yuni ana bikin tunawa da Miaoulis, a ƙona kwaikwayon jirgin abokan gaba a gaban tasha. Mazauna tsibirin ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba, amma tun daga shekarun 1950 baƙi daga ko'ina a duniya ke zuwa su biya kuɗi domin ganin tashar da cinikinta ya mutu tun ƙarni na 19.

Kwatancen yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Idra da dutse aka gina ta, Loko da ƙasa da itace, waɗanda damina da gara ba sa raga musu. Idra tana da tekun da ba ya ƙafewa da kuma maƙwabta masu kuɗin yawon buɗe ido. Loko tana yankin da rikicin manoma da makiyaya ya sha ɗaiɗaitawa, musamman a tsallaken Agatu a 2016, kuma matafiya a hanyoyin yankin suna lissafin tsaro kafin su fita. Wanda zai rubuta wa minista takarda yana alkawarin mai da Loko Idra ta Afirka ɓata tawada zai yi. Abin ɗauka daga Girkawan ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi arha: sun ɗauki sanin teku a matsayin dukiyar da ake adanawa ana koyarwa, ko bayan kasuwar da ta haife shi ta tashi.

A Nijeriya ofisoshin da wannan aiki ya shafa duk suna nan, sai dai kowanne da nasa fayil. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lokoja, a ƙarshen kogin da ya wuce ta gaban Loko. Tun watan Agustan 2023 akwai ma'aikata sukutum ta harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Rahotannin tsohon Lardin Nasarawa na zamanin Turawa suna Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna. Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi duk shekara suna tura ɗaliban tarihi neman abin da za su rubuta a kai. Naɗar muryoyin dattawan kwata, da sunayen da suke kiran kowane lungu na kogin, da yadda ake fafe jirgi tun daga sare itace, aiki ne da kuɗinsa bai kai na taron bita ɗaya a otal ɗin Abuja ba. Littafin tafiyar Staudinger, wanda a ciki ya bayyana garuruwan da ya ratsa tun daga Loko, an fassara shi daga Jamusanci zuwa Ingilishi a 1990; jikokin mutanen da ya bayyana sun fi kowa cancantar karanta shi da harshen da suke ji.

Batun ma bai tsaya ga tarihi ba, ya shafi rai. Duk shekara kogunan Arewa na cin mutane, kuma ba a manta da jirgin da ya kife a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yunin 2023 ba, inda mutane fiye da ɗari da ke dawowa daga biki suka rasu. Dalilan da ake lissafawa kusan kullum iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, rashin rigar kariya, kututture a ƙarƙashin ruwa. Hukuma ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa riga, amma jami'inta ba zai tsaya a kowane mashigi ba. Wanda ke tsaye a can kullum shi ne dattijon da matuƙa ke jin nauyinsa. Haka in an sako ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, kamar yadda ya faru a manyan ambaliyoyin 2012 da 2022, sanarwa daga Abuja takan zo, amma masu jirage ne ke kwaso mutane daga kan rufin ɗaki. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin tare wannan ruwa har yau ba ta tabbata ba. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar matuƙan da za ta bari su ƙare.

Ga mai son zuwa, watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa: ruwa ya kwanta, yashi ya fito, zafi bai tsananta ba, ko da yake hazon hunturu kan ɓoye ɗaya gaɓar da safe. Tafiyar rana ce, a fita da wuri a dawo da wuri, bayan an tambayi halin da hanya take ciki. Ladabin wurin shi ne a fara gaida fada da shugabannin kwata kafin a ɗaga kyamara, a yi ciniki da matuƙi tun a tudu, a nemi rigar kariya, in babu a haƙura da shiga. Gungun da ke tsakiyar kogi ba shi da inuwa, sai an tafi da ruwan sha da hula.

Daga can tsakiyar ne ake ganin abubuwan biyu a lokaci ɗaya. A sama tireloli na bin gadar zuwa kudu, ƙararsu na isowa bayan sun wuce. A ƙasa, da la'asar ta yi sanyi, jiragen su kan soma fitowa ɗaya bayan ɗaya, babba a baya yana riƙe da filafili, yaro a goshi da birgi a kafaɗa, yana jiran a ce masa ya jefa.